Illar Ɓacewar Fayil da Gurɓacewarsa a Aikin Kwamfuta



Duk ma'aikacin da ya taɓa neman fayil a ofishin rajista aka ce ba a gan shi ba, ya san yadda takarda guda ke tsayar da aikin ma'aikata ɗungum. To, haka al'amarin yake a cikin kwamfuta. Manhaja tarin fayiloli ce masu dogaro da juna, kowanne da sunansa da mazauninsa. Idan ɗaya ya ɓace, ko ya gurɓace saboda ɗaukewar lantarki ana tsakiyar rubuta shi, ko lalacewar ma'ajiya, ko sakacin ma'aikaci, sai manhajar ta cije. Wani lokaci kuma sai ta ci gaba da aiki bisa kuskure, wanda kuwa shi ne ya fi muni.

Misalin ɓacewa ya auku a Amurka ran 1 ga Agusta, 2012. Kamfanin Knight Capital, mai hada-hadar hannun jari, ya sanya sabuwar manhaja a manyan kwamfutocinsa takwas, amma ma'aikacin ya tsallake ɗaya, babu kuma wanda ya bi sawun aikinsa. Da kasuwa ta buɗe, sai wannan kwamfutar ta tayar da wani tsohon umarni da aka daɗe da yin watsi da shi, ta dinga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya tafka hasarar kimanin dala miliyan 440.

Misali na biyu ya zo ran 19 ga Yuli, 2024, sa'ad da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin fayil mai lamba 291. Fayil ɗin ya umarci manhajar ta duba bayani na 21, alhali kuwa 20 kaɗai aka tanadar mata. Kwamfutoci masu aiki da Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, suka tsaya cik. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage tiyata, bankuna suka rikice. An janye fayil ɗin bayan minti 78, amma kwamfutar da ta kasa farkawa ba ta iya karɓar gyara daga nesa, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana share shi da hannu. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bisa ga haka, wajibi ne kowace ma'aikata ta kiyaye abubuwa huɗu. Kada a share fayil ɗin da ba a san aikinsa ba. A ajiye kwafi a wani wuri dabam, a kuma riƙa gwada shi. A jarraba sabuwar manhaja a kan kwamfutoci kaɗan kafin a baza ta. Daga ƙarshe, duk aikin da mutum ɗaya ya yi, wani ya duba ya sa hannu, kamar dai yadda ake yi wa takardar biyan kuɗi.