Juna Biyu Bayan Dashen Ƙoda: Jawabi Ga Ma'aurata



Macen da ciwon ƙoda ya kai ta ga wankin jini, sau da yawa al'adarta takan ɗauke, ciki kuma ya yi wuyar shiga. Da zarar an yi mata dashe kuwa, cikin 'yan watanni al'adar takan dawo, har ta sami juna biyu tun jikinta bai shirya ba.

Haihuwa bayan dashe ba sabon abu ba ne. Tun a 1958 wata mata a Amurka ta sauka lafiya, shekara 2 bayan an dasa mata ƙodar 'yar'uwarta da suke tagwaye. Duk da haka likitoci suna ba da shawara a dakata aƙalla shekara 1, wasu ma su ce 2. Dalili kuwa, a shekarar farko ne jiki ya fi yunƙurin ƙin baƙuwar ƙodar, a lokacin ne kuma ake shan magunguna mafi ƙarfi. Sai gwaji ya nuna ƙodar ta zauna daram, hawan jini kuma ya lafa.

Akwai magani mai suna maikofenolet, wanda ake sayarwa da sunan CellCept, da yakan jawo ɓari ko ya nakasa jariri. Wajibi ne likita ya musanya shi aƙalla mako 6 kafin ciki ya shiga. Kada mace ta kuskura ta daina sha da kanta, domin tana iya rasa ƙodar ɗungurungum.

Magidanta, kada gorin dangi ya sa ku matsa wa iyalinku. Ku raka su asibiti a zaɓi hanyar tazara. In kuwa ciki ya riga ya shiga, a garzaya wurin likitan ƙoda nan take, kada a jira ranar awo.