Ƙudan raƙumi: ƙanƙane ne, amma ɓarnarsa babba ce

Likitan dabbobi ya tara makiyaya da masu garka a garin Iferwan, cikin ƙasar Abzin. Ga jawabin da ya yi musu:

Jama'a, kowa ya san amfanin raƙumi a nan gindin dutsen Tamgak. Shi ke jan ruwan rijiya a ba alkama da albasa. Shi ke zuwa Bilma ɗauko gishiri. In raƙumi ya rame, garka ta bushe.

Akwai wani ƙuda da ke ramar da shi. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne, ja-ja, mai tauri. Ko an mare shi ba ya mutuwa, sai an murtsuke. Yana da ƙumba masu kama gashi. Wurin zamansa ƙarƙashin wutsiya, da tsakanin cinyoyi, da hantsar taguwa. Namiji da mace duka jini suke sha. Ƴan'uwansa na kan doki, da kare, da tantabara.

Macen ba ta yin ƙwai kamar ƙudan gida. Tsutsa ɗaya take renowa cikin cikinta, har ta ƙosa. Sa'an nan ta aje ta a ƙasa, inda raƙuma ke kwana. Tsutsar ta yi baƙi, ta yi tauri kamar ƙwayar iri. Daga ciki sabon ƙuda ke fitowa.

Raƙumi mai ƙuda da yawa ba ya kiwo da kyau, nonon taguwa kuma ya ragu. A shekarar 2021, masana a ƙasar Kenya sun gane ƙudan nan na iya kai wata cutar jini daga raƙumi zuwa wata dabba.

To, me za a yi?

1. Kowace safiya a duba ƙarƙashin wutsiya da hantsa.
2. A share makwancin raƙuma, a ƙone sharar. A riƙa sake musu wuri.
3. A nemi maganin feshi wurin likitan dabbobi. Kada a shafa wa dabba maganin ƙwarin garka, guba ne.
4. Kada a dama magani a bakin rijiya.
5. In tozo ya faɗi, ido na hawaye, ko taguwa ta yi ɓari, a gaya wa likita da wuri. Wataƙila sammore ne.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya kiyaye mana dukiyarmu.