Matan Toronto da Gidajen Renon Yaransu: Jawabi a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Hajiya shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwana mata, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Kwamitin biki ya ce in yi magana a kan abin da haɗin kan mata yake iya yi. To, in dai karin magana ne a kan haɗin kai, kowa a nan ta fi ni saninsu. Shi ya sa na ga gara in ba ku labarin gari ɗaya, wato Toronto, birni mafi girma a ƙasar Kanada, inda tun 1946 iyaye ke ja-in-ja da hukuma a kan tambaya guda: idan uwa ta fita neman na kanta, wa zai riƙe mata yaro?

Bari in fara bayyana abin da ake rigimar a kai. Gidan renon yara wuri ne da uwa za ta kai ɗanta da safe, tun yana jinjiri har ya isa shiga makaranta. A ba shi abinci, a kwantar da shi barcin rana, a yi masa wasa da 'yar koyarwa, da yamma ta zo ta ɗauki abinta. Wasu gidajen na 'yan kasuwa ne, wasu na ƙungiyoyi, wasu kuma hukumar birni ce da kanta take gudanar da su, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke biyan albashi. Waɗannan na hukuma su ne ake yawan yunƙurin rufewa. Ku tuna a can galibi ba gidan gandu ba ne. Kaka tana wani gari, maƙwabciya ita ma ta tafi aiki. Ranar da aka rufe gidan reno, ranar uwa za ta fara lissafin barin aiki.

Asalin abin daga Yaƙin Duniya na Biyu ne. Kanada ta shiga yaƙin a 1939, maza suka tafi fagen fama, masana'antu suka rasa hannu. Sai aka shiga kiran mata. A Toronto akwai kamfanin John Inglis da ke ƙera bindigogi, a Scarborough da ke gefen birnin akwai wata babbar masana'antar cika harsasai da bama-bamai wadda yawancin ma'aikatanta mata ne. Amma macen da ke da goyo ba za ta tsaya gaban inji da yaro a baya ba. Saboda haka a 1942 gwamnatin tarayya ta ce duk lardin da ya buɗe gidajen reno, za ta biya rabin kuɗin. Larduna biyu ne suka yi amfani da tayin, Ontariyo inda Toronto take, da Kwibek. An kuma sa sharaɗi cewa kashi uku cikin huɗu na guraben na 'ya'yan masu aikin yaƙi ne. Kun ga tun daga farko ba don uwa aka yi ba, don inji aka yi.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai aka ce to, mata, an gode, kowa ta koma ɗakinta. Kwibek ta rufe nata gidajen a shekarar, duk da koken iyaye a birnin Montiriyal. Gwamnatin tarayya kuma ta sanar cewa za ta janye kuɗinta, ta kuwa janye a tsakiyar 1946. Abin da masu mulki ba su lissafa ba shi ne, ba kowace mace ce mijinta ya dawo ba. Wata ya dawo da rauni, wata ya dawo amma albashinsa bai isa haya da cefane ba.

Nan ne matan Toronto suka nuna halinsu. Ba su tsaya kowa tana kuka a ɗakinta ba. Iyayen da ke kai yara gidaje daban-daban suka haɗu suka kafa ƙungiyar iyaye guda ɗaya. Suka yi tarurruka, suka tara sa hannun jama'a, suka rubuta wasiƙu, suka dinga zuwa majalisar birni da majalisar lardi, sau da yawa da yaran a hannu. Suka kuma jawo ƙungiyoyin ƙwadago da ƙungiyoyin mata da ma'aikatan jin daɗin jama'a cikin maganar, har ta zama maganar gari. A wannan shekarar ta 1946 lardin Ontariyo ya yi dokar gidajen reno. Dokar ta ce lardi zai biya rabin kuɗin gidan renon da hukumar gari ke gudanarwa, ta kuma kafa ƙa'idojin da kowane gida zai cika kafin a ba shi lasisi. Ba duka gidajen suka tsira ba, amma da dama sun tsira. Har yau hukumar birnin Toronto tana gudanar da gidajen reno nata na kanta, gommai, kuma tushensu ke nan.

Kada ku ɗauka daga nan shi ke nan. Cikin 'yan shekaru aka dawo musu ta bayan gida. Ba a fito an ce za a rufe ba. Sai aka ƙara kuɗin da uwa ke biya, aka tsananta binciken wadda ta cancanta, har sai mace ta tona asirin gidanta kafin a karɓi ɗanta. Lokacin kuma ana tsoron gurguzu a ƙasashen Yamma, sai aka shiga yi wa shugabannin iyayen fentin 'yan gurguzu, masu goyon bayansu suka fara ja da baya. Yara suka ragu, sai aka ce ai ga shi nan ba a bukata, aka rufe wasu. Ku riƙe wannan dabarar, domin ba a Kanada kaɗai ake yin ta ba: a bar abu ya lalace, sannan a ce ai dama ya lalace.

Mu tsallako zuwa 2011. Tun a ƙarshen 2010 birnin ya zaɓi sabon magajin gari, Rob Ford, wanda ya ci zaɓe da alkawarin rage kashe kuɗi. Aka ɗauko kamfanin KPMG ya duba ayyukan birni ya nuna inda za a yanke. Cikin abubuwan da ya kawo akwai soke tallafin guraben reno 2,000 da birnin ke biya daga aljihunsa, da kuma duba yiwuwar miƙa gidajen renon hukuma ga ƙungiyoyi ko 'yan kasuwa. Har ɗakunan karatu da motocin haya na dare ba su tsira daga jerin ba.

A ranar 28 ga Yuli, 2011, kwamitin magajin gari ya zauna sauraron jama'a. Fiye da mutum 300 suka rubuta suna. Aka rage wa kowa lokaci zuwa minti uku, aka kuma ce zama ɗaya za a yi, ba ɗagawa. Mutane suka ƙi tafiya. Iyaye, tsofaffi, malaman reno, har da yara 'yan makaranta, suka kwana a zauren suna jiran a kira su. Aka fara da safe, ba a tashi ba sai da gari ya sake wayewa. Kuma ba su tsaya nan ba, wata da watanni suna bin kansilolin unguwanninsu ɗaya bayan ɗaya. A Janairun 2012, da aka zo kan kasafin kuɗi, majalisar birni ta mayar da wani kaso na abin da aka so yankewa, ciki har da kuɗin da ya shafi renon yara. Ƙuri'a 23 da 21 aka tashi. 'Yan uwa, da kansila ɗaya ya sauya ra'ayi, da an yi kunnen doki, da maganar ta faɗi. Wannan kansilan ɗaya, wasu ne suka yi ta sintiri a ofishinsa.

Adalci shi ne mu ji hujjar masu son rufewa, don ba mahaukata ba ne. Suna cewa gidan renon hukuma ya fi tsada, domin ma'aikatansa suna da ƙungiyar ƙwadago, albashinsu ya fi na sauran. Kuɗin da ake kashe wa yaro ɗaya a can, in ji su, zai tallafa wa fiye da ɗaya a wani wuri, ga kuma dubban iyaye a layi suna jira. Iyaye suka ce mun ji, amma ku duba abin da tsadar take saye. Malamar da ake biya da kyau ba ta gudu bayan wata shida, yaro zai saba da fuska ɗaya. Gidajen hukuma suna cikin unguwannin talakawa inda ɗan kasuwa ba ya ganin riba. Suna karɓar jarirai, waɗanda renonsu ya fi cin kuɗi, suna karɓar yara masu lalura ta musamman da wasu wuraren ke mayarwa. Wato abin da aka kira ɓarna a takarda, a ƙasa shi ne albashin wata mata da mafakar wani yaro.

Ba ko'ina aka yi nasara ba. A lardin nan dai, birnin Windsor ya yanke shawarar rufe nasa a 2010, yankin Peel ya bi sahu a 2012 da gidaje 12. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yankin Waterloo. Suna da gidaje biyar. A 2015 aka ba da shawarar rufe su, iyaye suka cika majalisa, kansiloli suka ce a bar su. Aka yi murna. Bayan shekara biyar, a Disambar 2020, ana tsakiyar annobar korona, taro ya koma ta intanet, kowa yana fama da kansa, sai maganar ta dawo, aka kaɗa ƙuri'a hukuma ta cire hannunta daga dukkan biyar ɗin. Ku lura da wani abu: yaran da aka yi wa faɗa a 2015 sun riga sun shiga firamare. Gidan reno ba wurin zama ba ne, shekara uku ko huɗu iyaye sun wuce, sababbi sun zo. Ita kuwa takardar rufewa tana nan cikin durowa, ba ta tsufa.

Abin mamaki, wata huɗu bayan haka, a Afrilun 2021, gwamnatin tarayya ta sanar da shirin kusan dala biliyan 30 na Kanada cikin shekara biyar, don a sauko da kuɗin reno zuwa dala 10 a rana. Ontariyo ta sa hannu a Maris 2022. Kuma wa aka kwaikwaya? Kwibek, wadda ta rufe nata a 1945, ita ce a 1997 ta fara renon dala 5 a rana, mata suka fita aiki da yawa, sauran ƙasar ta gani. Abin da iyayen 1946 suka faɗa aka yi musu fenti, shi ne gwamnati ta dawo tana faɗa da bakinta bayan shekara 75.

To, ina ruwanmu? Mu nan ba a rufe mana irin waɗannan gidaje ba, don yawancinmu ba mu taɓa samu ba. Amma tambayar tana cikin gidan kowa. Mai suyar ƙosai tana tsame ƙosai da hannu ɗaya, ɗayan yana tare mai rarrafe kada ya kai ga kasko. Malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti kullum suna roƙon wanda za su bar wa goyo. Kuma mun san a kan wa nauyin yake ƙarewa: a kan 'yar babba, wadda za a ce yau kada ki je makaranta, ki riƙe ƙaninki. Yau ɗaya, gobe biyu, zango ya ƙare.

Kuma ba a ce ba mu da komai a takarda ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 a Najeriya ta haɗa da kula da ƙananan yara kafin firamare, shi ya sa ake da ajin share fage a makarantun gwamnati da dama. Dokar ƙwadago ta bai wa mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a wurin aiki. Mu nawa ne muka taɓa leƙa ajin nan na unguwarmu? Akwai malama? Akwai tabarma da ruwan sha? Ajin da ba mai leƙawa, ranar da aka mayar da shi wurin ajiyar karyayyun benci ba wanda zai sani.

Ga roƙona, Hajiya shugaba. Kafin taronmu na gaba, a ƙirga mambobin da ke da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a rubuta wa ke riƙe su idan uwar tana sana'a. A samu mata biyu a kowace unguwa su riƙa ziyartar ajin share fage, su nemi shiga kwamitin kula da makarantar. Idan za mu je wurin kansila ko sakataren ilimi, mu je da adadi a hannu, da wasiƙa mai hatimin ƙungiya. Mu muna da abin da ke yi wa iyayen gidan reno wuyar samu. Yaranmu za su girma, amma ƙungiyar tana nan da littafinta, da asusunta, da taronta na wata-wata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

 Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya mayar da kowa gida lafiya.