Ƙofar Filin Wasa da Amanar Masu Gida

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna ilmi na Ƙungiyar Ɗalibai



An nemi in yi magana a kan tikitin shiga kallon ƙwallon ƙafa. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ƙaramin al'amari ne, bai isa a tara masu ilmi a kansa ba. To, ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin a ganina wannan 'yar takarda da ake yagewa a bakin ƙofa ita ce ma'aunin da za a gane ko ƙungiyar wasa tana ganin girman masoyanta, ko kuwa tana ɗaukarsu taron 'yan kallo ne kawai. Kuma duk wanda zai riƙe dukiyar jama'a gobe, kamar yadda da yawanku za ku riƙe, akwai darasin da zai ɗauka a nan.

Bari mu fara da tarihi, don mu san irin dukiyar da muke magana a kanta. Son ƙwallo a Kano ya girme wa yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure. Tun a 1953 'yan wasan Kano suka ci kofin ƙasa, suka doke Dynamos ta Ikko. A 1978 Raccah Rovers ta zama zakarar ƙasa. A 1990 aka haɗa ƙungiyoyi uku, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Kano Pillars, wadda ake yi wa kirari da Sai Masu Gida. Ta ɗauki gasar ƙwararru ta ƙasa sau huɗu, a 2008, da 2012, da 2013, da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna, bayan ta rinjayi Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Abin da ya fi waɗannan duka ban mamaki shi ne, shekara 12 cur, daga 2003 zuwa 2015, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta doke Pillars a wasan gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago.

Lalle 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad da Ahmed Musa sun yi rawar gani. Amma duk baƙon ɗan wasan da ya taɓa shiga filin Sani Abacha a bakin Ƙofar Mata, ya san cewa da mutum goma sha biyu yake karawa. Na goma sha biyun shi ne telan Yakasai, da marinin Ƙofar Mata, da ɗan tireda na Kurmi, da yaron shago na Kwari, waɗanda ke rufe sana'arsu bayan Azahar, su taka da ƙafa, su zauna cikin rana tun ba a fara wasa ba. Waɗannan mutane su ne jarin ƙungiya na haƙiƙa. 'Yan wasa suna zuwa suna tafiya, shugabanni ana naɗa su ana sauke su, su kuwa suna nan.

Yanzu sai mu dubi lissafi. Filin Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, an ƙiyasta yana ɗaukar mutum 16,000. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa birnin Kano da kewayensa yana da mutum fiye da miliyan 2.8. In muka raba, kujera ɗaya za ta faɗa wa mutum kamar 175, kuma wannan da lissafin shekarun baya ne, kafin garin ya ƙara tumbatsa. Saboda haka ranar babban wasa, ranar da Enyimba ko Rangers ta Inugu ta zo, dole masu nema su fi abin da ake nema yawa. Babu wata dabara da za ta kawar da wannan. Abin tambaya kurum shi ne, da wace hanya za a raba ɗan abin da ke akwai?

Hanyoyin da muka saba gani a filayen ƙasar nan uku ne, kuma ko wacce da irin cutarta.

Ta farko ita ce a sayar da tikiti ranar wasa, a 'yan tagogi kaɗan, sa'o'i kaɗan kafin a busa usur. A nan mai ƙarfin kafaɗa shi ke da rabo. Dattijo, da mai tafe da ɗansa, da ma'aikacin da ba ya tashi aiki da wuri, sun riga sun faɗi tun ba a fara ba. A cikin wannan turmutsutsu ne ɗan cuwa-cuwa ke cin kasuwarsa. Ya riga kowa zuwa, ko ya tura yaransa layi, ko kuwa ya sami tikitin alfarma da aka raba wa manya waɗanda ba su da niyyar zuwa, sa'an nan ya koma gefe yana jira. Da an ce tikiti ya ƙare a taga, sai nasa ya fito da sabon farashi. Mun san irinsa a wani fage, domin ɗan bumburutu ne ya sake riga: da gidan mai ya rufe, sai jarka ta bayyana a bakin titi.

Akwai masu karatun tattalin arziki a cikinku da za su ce ai ɗan cuwa-cuwa bai yi laifi ba, farashin gaskiya ya nuna, tun da ga masu saye da yardarsu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya in ana batun atamfa ko agogo, inda wanda ya ga tsada zai matsa rumfa ta gaba. Mai son Pillars kuwa ba shi da rumfa ta gaba. Ba zai ce tun da tikiti ya yi tsada yau bari ya koma son wata ƙungiya ba. Ashe ke nan abin da ɗan cuwa-cuwa ke yi wa kuɗi shi ne soyayyar mutum, kuma gwargwadon ƙarfinta gwargwadon abin da za a tatsa. Bugu da ƙari, ko kwabo na wannan riba ba ya shiga asusun ƙungiya, balle ya biya albashin ɗan wasa ko ya gyara ciyawar fili.

Kakanninmu sun san wannan cuta tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Sun bambanta dillali, wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa a sarari, da mai tarye, wanda ke tsare kaya a hanya kafin su iso kasuwa. Malamanmu na fiƙihu sun yi hani ga tarye, sun kuma yi hani ga ɓoye kaya don a jira tsada. Ban zo nan don in ba da fatawa ba, wannan aikin malamai ne, amma kowa ya dubi siffar abin ya san da wanne ya yi kama. Sai dai kada mu ɗora laifin duka a kan yaron da ke riƙe da tikiti goma a aljihu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da ya matse sayarwa a taga biyu cikin awa biyu, shi ya haifi ɗan cuwa-cuwa, shi ke kuma ciyar da shi.

Hanya ta biyu ita ce ta sanayya, watau ƙofar "yarona ne, bar shi ya wuce." Wannan ba ta da hayaniya, amma ta fi ta farko ɓarna, domin tana koya wa mai biya cewa shi ne wawa. Kuma tana sa a rasa sanin yawan mutanen da ke cikin fili. Wannan ba abin wasa ba ne. A watan Afrilu na 2001 mutum 43 suka mutu a filin Ellis Park na Afirka ta Kudu, saboda jama'a ta fi ƙarfin wurin. A watan Janairu na 2022 mutum 8 suka rasu a turmutsutsun ƙofar filin Olembe a Yawunde. Tikiti mai lamba, wanda aka ƙirga, kafin ya zama hanyar kuɗi, hanyar tsare rai ne.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi tafa wa, watau wani mai mulki ko mai hali ya ce ya biya wa kowa, a buɗe ƙofa. Ba na musun cewa sau da yawa da kyakkyawar niyya ake yi, kuma talakan da ba shi da na shiga yana jin daɗi. Amma mu dubi abin da ke biyo baya. Pillars, kamar yawancin ƙungiyoyin gasar ƙasa, mallakar gwamnatin jiha ce, daga baitulmali ake ciyar da ita. In aka ƙara da cewa ƙofar ma kyauta ce, to an yanke igiya ta ƙarshe da ta haɗa aljihun masoyi da rayuwar ƙungiyarsa. Wanda aka shigar kyauta baƙo ne, baƙo kuwa ba ya tambayar mai masauki abin da aka kashe a cefane. Wanda ya biya shi ke da bakin cewa a kawo lissafi. Muna kiran kanmu Masu Gida, alhali kuwa mai gida shi ne wanda ke ɗauke da nauyin gidan.

Ku dubi abin da ya faru a Ingila. A watan Fabrairu na 2016 masu ƙungiyar Liverpool suka sanar cewa wasu kujeru za su kai fam 77. A wasansu da Sunderland, da aka kai minti na 77, sai dubban magoya baya suka miƙe suka fice, ba jifa, ba zagi. Cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye ƙarin, suka ba da haƙuri. A wannan shekara kuma aka ƙayyade cewa tikitin mai bin ƙungiyarsa wasan waje a babbar gasarsu kada ya wuce fam 30. Tun 1994 dokar ƙasar ta haramta sayar da tikitin ƙwallo a bayan fage ba da izini ba. A Jamus kuwa ƙa'idarsu ita ce, ban da 'yan ƙungiyoyi kaɗan da aka keɓe, rinjayen ƙuri'a yana hannun mambobi masu biyan kuɗin shekara. Ba na cewa mu kwaikwayi Turawa ido rufe. Abin lura shi ne, an saurari mutanen Liverpool domin kujerar da suka bari kujera ce da suka saya.

To, mene ne abin yi a nan gida? Ina da shawarwari huɗu, kuma babu wadda ke bukatar a gina sabon fili.

Na ɗaya, a fara sayar da tikiti kwana uku ko huɗu kafin wasa, a wurare da yawa: a Kurmi, da Kwari, da Sabon Gari, da Gwale, da Dala, da harabar makarantu, har da ta wayar hannu ga mai iyawa, kuma a ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai saya. In mutum zai iya saye a unguwarsu ranar Alhamis, ɗan cuwa-cuwa ba shi da abin sayarwa ranar Lahadi.

Na biyu, a buga tikiti da lamba daidai yawan kujeru, a rage na alfarma, a kuma rubuta sunan duk wanda aka ba.

Na uku, a yi katin shekara. Gasar ƙungiyoyi 20 tana ba ko wace ƙungiya wasa 19 a gida. Wanda ya biya na shekara a dunƙule a yi masa rangwame, a ba shi fifiko ranar babban wasa, a kuma ba shi murya a taron shekara. Ta haka wanda ya zo kallon ƙaramin wasa cikin ruwan Agusta ba zai rasa wuri ranar da Enyimba ta zo ba. In mai hali yana son yin alheri, ya sayi irin wannan kati ya raba wa ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi, kuɗin ya shiga asusu, ƙofa kuma ta zauna a ƙirge.

Na huɗu, bayan ko wane wasa a bayyana wa jama'a yawan waɗanda suka shiga da abin da aka tara. A zamanin da, ko wace ƙofa ta ganuwar Kano tana da Sarkin Ƙofa, wanda aka san shi, aka san wanda zai tambaye shi. Bai kamata ƙofar filin wasa ta kasa wannan ba.

Kafin in zauna, akwai kashedi gare mu mu masoya, domin so ba ya zama hujjar ɓarna. A watan Afrilu na 2022, bayan tarzomar da ta auku a wasa da Katsina United, aka rage wa Pillars maki 3, aka mai da wasanninta na gida Abuja, kuma a ƙarshen wannan kaka ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A watan Oktoba na 2025, bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake rage maki 3, aka tura ta Katsina. Ɗan cuwa-cuwa yana hana mutum ɗari shiga, mai jifa kuwa yana rufe ƙofa ga mutum 16,000 gaba ɗaya. Kuma duk ranar da aka rufe Ƙofar Mata, yaran unguwa gidan kallo za su nufa, su ƙara shaƙuwa da Arsenal da Barcelona, wasunsu ba za su dawo ba.

'Yan'uwana, a cikinku akwai akantocin gobe, da lauyoyi, da manyan sakatarori. Wata rana ɗayanku zai sa hannu a takardar da ta shafi wannan ƙofa. Kafin ranar ta zo, in kun je kallo ku sayi tikitinku a taga, ku ƙi na bayan fage ko da za ku rasa wasan, kada kuma ku nemi a ɗaga muku ƙafa don kun san wani. Sa'an nan ku nemi a kawo lissafi, da ladabi, da naci.

 Allah ya ba mu zaman lafiya, ya bar zumunci.