ME YA HAƊA ƊAN KASUWA DA HARKOKIN WAJE?

Lacca ga 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa

 Zancenmu na yau zance ne da aka saba ce wa talaka ba ruwansa da shi, watau sha'anin ƙasashen waje da ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Akan ce wannan sai manya, sai masu jin Turanci. To, in an rufe iyaka, albasar wa ke ruɓewa cikin mota? In an tashi yaƙi, ɗan wa a ke turawa?

Ku 'yan kasuwa kun san dillali. Kaya ba nasa ba ne, amana aka ba shi ya sayar. Gwamnati dillalin jama'a ce, in ta zauna ciniki da wata ƙasa, da kayanmu ta ke yi. Dillalin kirki ba ya fushi in mai kaya ya tambaye shi nawa aka taya, nawa aka sallama. Abokan hamayya a Majalisa su ne masu yin wannan tambaya a madadinmu. Bari mu kawo muku abin da ya faru a ƙasar nan.

A taron London na 1958, sa'ad da a ke shirin ba Nijeriya mulkin kai, Ingila ta nemi shugabanninmu su yarda da yarjejeniyar tsaro. Daftarin farko har ya tanadi a ba sojan Ingila fili a Kano. Aka cire zancen filin daga baya, amma aka bar wa jiragen saman yaƙinsu iznin ratsa samanmu da sauka a filayenmu, su kuwa su horar da sojanmu su taimaka mana da kayan aiki. Cikin watan Nuwamba 1960 Gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta kawo ta gaban Majalisar Wakilai a Ikko. Shugaban abokan hamayya, Cif Obafemi Awolowo, da jam'iyyarsa ta Action Group suka tashi suka ƙi. Kujerunsu 73 ne kawai cikin 312, saboda haka aka rinjaye su. Masu goyon Gwamnati suka tuna wa Awolowo cewa shi ma ya sa hannu a 1958, gaskiya ne kuwa. Amma wannan bai amsa tambayar ba: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, to, wane aski Ingila za ta nema ran da ta shiga yaƙi?

Zancen ya fita daga Majalisa ya shiga jaridu da kasuwanni. Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi zanga-zanga har ƙofar Majalisa. Cikin watan Janairu 1962 Nijeriya da Ingila suka soke yarjejeniyar. Ku lura, jama'a, waɗanda aka kayar a ƙuri'ar Majalisa su ne suka ci nasara cikin wata goma sha huɗu, domin sun sa an karanta takardar a fili.

Yanzu ga zancen ƙuri'ar jin ra'ayi. Ƙasar Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye da Mambila a da tana hannun Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka ba Ingila riƙonta, aka haɗa mulkinta da Jihar Arewa. Ran 7 ga Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka tambayi mutanen wurin: za ku zauna cikin Jihar Arewa in Nijeriya ta sami mulkin kai, ko kuwa a jinkirta shawara? Masu mulki sun ɗauka an gama. Sai mutum fiye da 70,000 suka ce a jinkirta, masu cewa a shiga ba su kai 43,000 ba. Babban dalili shi ne kukan da su ke yi da En'e da hakiman da aka ɗora musu. Dole aka gyara, aka raba su da En'en Adamawa, aka kafa musu nasu.

Aka sake ƙuri'a cikin Fabrairu 1961. Wannan karon mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, ƙasar ta shigo ran 1 ga Yuni 1961 da sunan Lardin Sardauna. Mata ma sun jefa ƙuri'a, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sai da su, alhali matan Kano da Sakkwato ba su sami wannan hakki ba sai 1976. A kudancin Kamaru kuwa hanya biyu kaɗai aka ba mutane, Nijeriya ko Kamaru, ba a sa zaman kansu cikin tambayar ba, har yau rigimar wurin ba ta kwanta ba. Saboda haka in kun ji za a yi irin wannan ƙuri'a, abin da abokan hamayya za su fara bincika ke nan: wa ya rubuta tambayar, wa aka bari ya jefa, wa zai ƙirga.

Mutanen Bakasi ko tambayarsu ba a yi ba. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a 2002, Shugaba Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar miƙawa a 2006, Majalisar Dattawa ta yi kuka a 2007 cewa ba a kawo mata takardar ba, a 2008 aka gama miƙawa. Kukan ya zo bayan an sallama kaya.

Na kusa da mu kuwa kun gani da idonku. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da Gwamnatin Nijar. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki, aka fara zancen kai yaƙi. Motoci suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, kaya suka lalace, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Ƙonni suka sha tsada kamar yadda muka sha. Tsarin Mulki na 1999, sashi na 5, ya hana Shugaban Ƙasa tura soja yaƙi waje sai da yardar Majalisar Dattawa. Da takardar Shugaba Tinubu ta iso cikin Agusta, dattawan, har da na jam'iyyarsa, suka ce a bi hanyar sulhu. Ba a yi yaƙin ba. Amma iyaka ba a buɗe ta ba sai Maris 2024, asarar wata bakwai kuwa a kan ɗan kasuwa ta faɗa.

To, ga abin da mu ke so ku riƙe. Duk mai neman ƙuri'arku don zuwa Majalisa, ku tambaye shi: in Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya ko ta ciwo bashi daga waje, za ka nemi a kawo takardar a karanta? Za ka zo ka fassara mana ita da Hausa? In za a rufe iyaka, za ka tambayi wa zai biya asararmu? In ya ce wannan asirin Gwamnati ne, ku tuna masa da sashi na 12, wanda ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a Nijeriya sai Majalisa ta zartar da ita. In ya dawo hutu, ku tare shi a kasuwa ku ji abin da ya faɗa a can da yadda ya jefa ƙuri'arsa.

Ku kai wannan magana ga waɗanda ba su sami zuwa ba. Allah ya ba da kasuwa, a sauka gida lafiya.