Ben Enwonwu: Masassaƙin da Ya Tafi da Gida Birni



Abin da muke so mu duba a yau shi ne aikin marigayi Ben Enwonwu, masassaƙi ɗan Anaca, wanda aka haifa a shekarar 1917, ya kuma rasu a 1994. Mun zaɓe shi ne domin tambayar da ya fuskanta ita ce tamu: wanda ya bar garinsu ya koyo ilimin wasu, me zai yi da abin da ya gada?

Mahaifinsa masassaƙin gargajiya ne. Da ya rasu a 1921, ɗan ya gaji kayan aikinsa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga baya wani Bature mai suna Kenneth Murray ya koyar da shi zane, yana ƙarfafa wa ɗalibansa su riƙe fasahar iyayensu. Enwonwu ya koyar a Birnin Benin, inda ya ga aikin maƙeran tagulla, sannan a 1944 ya tafi Ingila, ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan. A can ya ƙware wajen sanin ƙirar jikin mutum, yadda ƙashi da tsoka suke zaune, da yadda ake auna gaɓoɓi.

Da ya dawo, bai tsaya ga kwaikwayon jiki kamar yadda ido ke ganinsa ba. Mu dubi Anyanwu, mutum-mutumin tagulla da ya yi a 1954 zuwa 1955, wanda ke gaban gidan adana kayan tarihi na Legas. Siffar mace ce, amma ya ja jikin ya yi tsawo, ya sirance zuwa ƙasa, hannuwa a miƙe, tamkar tana fitowa daga cikin ƙasa. Kanta kuwa ya ɗauko shi daga kawunan tagulla na uwar sarkin Benin. Ilimin Slade ne ya ba shi damar tsawaita jikin ba tare da ya karye a ido ba, ma'anar kuwa daga gida take. A 1966 Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irin wannan mutum-mutumi kyauta.

A Sango kuwa, wanda ya yi a 1964 don hukumar lantarki a Legas, ya fito da ƙarfin ƙirji da damtse, ga gatari mai baki biyu a ɗage sama. Wato kowane jiki yakan ba shi siffar da ta dace da saƙonsa. Ko da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta zauna masa ya yi siffarta a 1957, wasu sun ce ya ba fuskarta kamannin Afirka.

'Yan'uwa, yawancinmu mun yi karatu, mun zauna a birane. A garinmu akwai masassaƙa da maƙera da magina tukwane waɗanda hannunsu ke tsufa ba magaji. Muna kira ga wannan ƙungiya da ta rubuta sunayensu, ta ɗauki hotunan ayyukansu, ta kuma riƙa kai 'ya'yanmu wurinsu lokacin hutu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.