Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Mata ta Jami'ar Karolina ta Arewa: Jiyanta da Gobenta



An nemi mu yi magana a kan wasanni a jami'a, mu kuwa muka ga ya fi kyau mu ɗauki ƙungiya guda mu bi ta tun daga tushe, maimakon mu yi ta kewaye-kewaye. Ƙungiyar da muka zaɓa ita ce ta ƙwallon ƙafa ta mata ta Jami'ar Karolina ta Arewa, wadda ke garin Chapel Hill a ƙasar Amurka. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwanmu da 'yan matan wata ƙasa da tamaularsu? Muna roƙonsa ya yi haƙuri, domin tambayar da ke ƙarƙashin wannan labari ta shafi duk wanda zai bar nan ya riƙe ofis ko makaranta ko ma'aikata. Tambayar ita ce: idan mutum ɗaya ya gina abu ya shekara arba'in da biyar yana riƙe da shi, ran da ya sauka abin zai tsaya ko zai bi shi?

Tilas ne mu fara da doka. A cikin shekarar 1972 majalisar Amurka ta zartar da gyaran dokar ilmi, a ciki har da wani babi da aka fi sani da Babi na Tara. Abin da ya ƙunsa a taƙaice shi ne, duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon hana wani ɗalibi wani abu don kawai namiji ne ko mace ce. Babin bai ambaci wasanni ba ko kaɗan, amma da aka zo aiki da shi sai ya kama filin wasa kamar yadda ya kama aji. Jami'o'in da a da suke zuba kuɗi a wasannin maza kurum sai aka wayi gari dole su buɗe na mata, su ba su fili da mai koyarwa da guraben karatu kyauta.

A Chapel Hill kuwa ɗalibai ne suka fara motsi. Wasu 'yan mata da ke da ƙaramin kulob na kansu suka kai kuka wurin hukumar wasannin jami'ar, suna neman a ɗauke su ƙungiyar jami'a sosai. Aka amince, aka damƙa su a hannun wani saurayi mai suna Anson Dorrance a 1979. Shi wannan Dorrance an haife shi a Bombay ta ƙasar Indiya a 1951, ya yi wa jami'ar wasa yana ɗalibi, tun 1977 kuma shi ke koyar da ƙungiyar maza, yana haɗawa da karatun lauya wanda daga baya ya ajiye. Ya riƙe ƙungiyoyin biyu tare har 1988, sa'an nan ya koma ga ta mata ɗungurungum.

Ba a daɗe ba aka fara girbi. A 1981 suka ci kofin ƙasa na farko a ƙarƙashin tsohuwar hukumar wasannin mata ta jami'o'i. A 1982 babbar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, watau NCAA, ta karɓi shirya gasar, su ne kuma suka fara cinye ta. Daga 1982 zuwa 1994 an yi gasar sau 13, sun ɗauki kofi sau 12. A 1985 ne kaɗai Jami'ar George Mason ta doke su a wasan ƙarshe. Tsakanin 1986 da 1990 sun buga wasa 103 ba a ci su ba. Bayan faɗuwa ɗaya tak, suka sāke jera nasara 92 babu ko kunnen doki, daga 1990 har 1994. A wasan ƙarshe na 1992 sun lallasa maƙwabciyarsu Jami'ar Duke da ci 9 da 1.

To, mene ne asirin? Ko shakka babu sun sami 'yan wasa na musamman. April Heinrichs ta yi wasa a can daga 1983 zuwa 1986. Bayanta aka yi Kristine Lilly, wadda ta buga wa Amurka wasa 354, da Mia Hamm, wadda ta ci wa jami'ar ƙwallo 103 ta kuma ɗauki kofi huɗu. Amma gwani yakan zo ya wuce cikin shekara huɗu, ƙungiyar kuwa ba ta fasa ci ba, saboda haka dole a nemi dalili a wani wuri.

Dalilin yana cikin yadda ake atisaye. Dorrance ya riƙa zuwa kallon atisayen Dean Smith, mashahurin mai koyar da ƙwallon kwando na wannan jami'a, ya lura cewa akwai masu riƙe da takarda suna rubuta duk abin da kowane ɗan wasa ya yi. Sai ya ɗauko wannan al'ada ya kawo filinsa. Kowane gudu, kowane karo na mutum da mutum, kowane bugu, ana ƙirga shi a rubuta, daga baya a jera sunaye daga ta fari zuwa ta ƙarshe a manna kowa ta gani. Ya kira wannan tsari tukunyar gasa. Hujjarsa ita ce, ya lura 'yan mata da yawa sukan ji nauyin kayar da ƙawarsu a atisaye don gudun ɓacin rai, amma da zarar alƙalami ne ke hukunci, sai kowace ta saki jiki ta yi iyakar ƙoƙarinta, a kuma tashi ana abota. Mu da za mu shiga aikin gwamnati, ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Inda ake rubuta aikin kowa a fili, son kai da sanayya ba su samun wurin ɓuya, wadda aka ajiye a benci ta san dalili, ta kuma san abin da za ta gyara.

Daɗin daɗawa, salon wasansu ya dace da dokar jami'o'in Amurka, wadda ta ba da damar canja 'yan wasa da yawa, har wadda aka fitar ta iya komawa. Sukan tsayar da uku a baya, huɗu a tsakiya, uku a gaba, su matsa wa abokan karawa tun daga bakin ragarsu ba sassauci. Idan 'yan gaba suka gaji a zuba sababbi. Watau ƙungiyar tana cin nasara da yawan hannu, kowace ɗaliba kuma tana da rabo a ciki.

Tasirin wannan gida bai tsaya a harabar jami'a ba. Dorrance ya riƙe ƙungiyar mata ta ƙasar Amurka daga 1986 zuwa 1994, shi ne ya kai ta ga cin kofin duniya na mata na farko a ƙasar Sin a 1991, da ci 2 da 1 a kan Norwe, kusan rabin 'yan wasan kuwa daga Chapel Hill suka fito. Nijeriya ma tana cikin wannan gasa ta farko. Da aka haɗu a Chicago a kofin duniya na 1999, 'yan matanmu ne suka fara jefa ƙwallo a raga, amma aka tashi 7 da 1. Hamm da Lilly da Cindy Parlow, dukkansu 'yan wannan jami'a, kowace ta ci ɗaya. Kazalika Sarina Wiegman ta ƙasar Holan ta yi wasa a can a 1989, ita ce daga baya ta kai Ingila ga kofin Turai a 2022 da 2025, a cikin 'yan wasanta kuwa akwai Lucy Bronze da Alessia Russo, su ma a wannan fili suka yi horo.

Ba za mu yi wa tarihi adalci ba idan muka tsallake tabonsa. A 1998 wasu tsofaffin 'yan wasa biyu sun kai Dorrance da jami'ar ƙara, suna zarginsa da maganganun da ba su dace ba game da rayuwarsu ta sirri. An sasanta a wajen kotu, ta ƙarshe a 2008, jami'ar ta biya kuɗi, shi kuma ya rubuta takardar ban haƙuri. Darasin a fili yake: duk yawan kofunan malami, amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsa, dole kuma a sami ƙofar da ɗaliba za ta kai kuka ba tare da tsoro ba.

Sannu a hankali ratar da ke tsakaninsu da sauran jami'o'i ta riƙa raguwa. Notre Dame ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe a 1995, ta yanke musu jerin kofi tara. Sun ci gaba da ɗauka jefi-jefi har na 21 a 2012, daga nan kuma aka shiga fari na shekara goma sha biyu. Sun faɗi a wasan ƙarshe a 2018 da 2019. A 2022 suna gaba da ci 2 da nema, Jami'ar UCLA ta farke ta cinye 3 da 2. A 2023 suna gaba da ci 3 da nema a wasan kwata, Jami'ar Brigham Young ta juya shi 4 da 3. Bayan wannan kaka yawancin 'yan wasan suka watse, wasu suka koma wasan kuɗi, wasu suka canja makaranta. A watan Agusta na 2024, saura 'yan kwanaki a fara sabuwar kaka, Dorrance ya ajiye aiki, bayan kaka 45 da nasara sama da 900.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Aka ba mataimakinsa Damon Nahas riƙon ƙwarya, da 'yan wasa kaɗan, da yawansu sababbi. Suka bi gasar daki-daki, suka doke Duke 3 da nema a wasan kusa da na ƙarshe, ran 9 ga Disamba 2024 kuma a garin Cary suka ci Wake Forest 1 da nema, da bugun tazara na Olivia Thomas. Wannan shi ne kofin NCAA na 22, na farko kuma da ba Dorrance ne ya ɗauko ba. Aka tabbatar wa Nahas da muƙamin, 'yar wasansu Kate Faasse kuma ta sami lambar gwarzuwar shekara. Ga amsar tambayarmu ta farko, aƙalla kashi na ɗaya: maginin ya tafi, gidan ya tsaya, domin abin da ya bari tsari ne da kowa ya san yadda ake tafiyar da shi.

Yanzu sai mu duba gaba. Kaka tana farawa a watan Agusta, a ƙare da gasar ƙungiyoyi 64 a Nuwamba da Disamba, akwai kuwa abubuwa uku da za su auna wannan ƙungiya a kowace kaka mai zuwa.

Na farko, maƙwabta sun yi ƙarfi. Rukunin da take ciki, watau ACC, shi ne mafi tsanani a ƙasar: a 2024 dukan ƙungiyoyi huɗu da suka kai zagayen ƙarshe daga cikinsa suka fito. Jami'ar Jihar Florida ta ɗauki kofi sau huɗu tsakanin 2014 da 2023. A 2024 kuma aka shigo da Stanford da Kaliforniya, abin da ke nufin wani wasan sai an yi tafiyar kusan kilomita 4,000, ga aji da jarrabawa suna jira.

Na biyu, ɗaliba ta sami 'yancin tafiya. Dokokin canja makaranta sun yi sauƙi ƙwarai, tun 2021 tana iya samun kuɗi da sunanta da hotonta, a 2024 kuma babbar gasar ƙwararru ta mata ta Amurka ta soke tsarin rabon 'yan wasa, saboda haka gwana tana iya shirya wa kanta kwantiragi da kulob ɗin da take so. Tsarin Dorrance an gina shi a kan shekara huɗu na reno, ga shi kuwa gwanar yau tana iya tafiya bayan biyu.

Na uku, kuɗi da adadi. A watan Yuni na 2025 kotu ta amince da wata yarjejeniya da ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, ta kuma ƙayyade 'yan ƙwallon ƙafa mata a kan 28. Mafi yawan kuɗin ana sa ran zai tafi ga wasannin maza masu kawo riba, ƙungiyar da ta saba da yawan hannu kuwa sai ta koyi tattali.

Ra'ayinmu shi ne, zamanin jera kofi tara ya wuce ba zai dawo ba, kuma bai kamata a auna Nahas da wannan mudu ba. Ma'aunin gaskiya shi ne ko ƙungiyar za ta riƙa kaiwa zagayen ƙarshe shekara bayan shekara, da 'yan wasan da suka zaɓi su zauna alhali suna da damar tafiya. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, amma takardar atisaye tana nan, ita ce jarinsu.

A ƙarshe, 'yan'uwa, wannan labari ya taɓo mu ta hanyar da ba kowa ya lura ba. Toni Payne ta ƙungiyar Super Falcons a Duke ta yi karatu, Michelle Alozie a Yale da Tennessee, Randy Waldrum kuwa, wanda ya kai Nijeriya zagaye na biyu a kofin duniya na 2023, ya yi aikin koyarwa a jami'o'in Amurka. Watau Babi na Tara har mu mun ci albarkacinsa, da 'ya'yan da jami'o'in wasu suka rena. Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu: a filin jami'armu, wace sa'a aka keɓe wa ɗalibai mata? Wa ke koyar da su, wa kuma ke rubuta abin da suka yi? Maganar sutura ba ta zama shinge ba, domin tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai a fili. Kada mu manta, a Chapel Hill ɗalibai ne suka fara rubuta takardar neman a ba su fili, ƙungiyar ɗalibai kuwa don irin wannan aiki aka kafa ta.

 Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya sa abin da za mu gina ya amfani na bayanmu.